Tanti Raliya, Uwar Baƙin Gidan Likita

Kafin rana ta ɗaga, Tanti Raliya ta riga ta share ƙofar ɗakinta, ta dama kunu, ta zuba a kwano biyu. Ɗaya nata ne. Ɗayan kuwa sai ta rufe shi da faifai, ta ratsa farfajiyar gidan likita zuwa ƙaramin ɗakin da ke bayan farmasi, inda ake sauke duk sabon ma'aikacin da gwamnati ta turo. Takan ƙwanƙwasa sau ɗaya ta ce, "An tashi lafiya? Ga abin karin kumallo, a sha da zafinsa." Ba ta shiga, ba ta kuma jiran godiya. Daga nan sai ta koma ta sa farar riga, ta buɗe ɗakin awo. Kafin lokacin mata sun fara taruwa a gindin dogon yaro, wasu a ƙafa, wasu an sauke su daga amalanke, wasu daga rugage da ƙoren nono a gefe. Takan gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gona, ta tambayi shanu, ta tambayi yaron da aka kawo mata bara. Haka take har la'asar, ranar kasuwa kuma har rana ta yi ja.

Wannan ita ce Raliya Dauda, ungozomar gidan likitan Rafin Kanya, wani ƙauye cikin ƙasar Dogo-Dogo. Mutanen gari Madam suke ce mata, ma'aikata kuma Tanti. Ni mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar boko da ke jikin gidan likitan, katanga ɗaya ta raba mu, kuma na fi shekara goma sha ina kallon wannan baiwar Allah ta saman katangar. A bana ta ajiye aiki. Gwiwoyi sun ƙi, ido ya rage, shekaru kuma sun kai. Na ɗauki alƙalami ne don in jinjina mata, amma ina rubutun raina ba daɗi, don na san irin giɓin da ta bari, kuma na san abin da aikin ya ci mata.

Haihuwar da ta karɓa ba ta ƙirguwa, wannan kowa ya sani. Abin da nake son in faɗa wani aiki ne daban, wanda ba a rubuta mata shi cikin aikinta ba, ba a kuma taɓa ƙara mata komai a kansa ba.

Wanda bai zauna ƙauye irin namu ba bai san halin da sabon ma'aikaci yake shiga ba. Yaro ko yarinya ce ta gama karatu a Yamai ko Damagaram, a ce mata ga inda za ta. Ta hau mota zuwa Dungas, ta hau kabu-kabu, a yi ta keta gonakin gero har ta fara tunanin ko an ɓata hanya. Ta sauka ba ta san kowa ba. Ba wuta, ruwa sai an je rijiya, waya ba ta kamawa sai a wani wuri. Washegari kuma a ɗora mata rayukan mutane. Da yawa ba sa kai shekara. Wasu su nemi canji tun makon farko, wasu su tafi hutu su ƙi dawowa.

A Rafin Kanya ba haka abin yake ba, kuma dalili Tanti Raliya ce. Da ta ji majo, wato shugaban gidan likitan, ya ce an turo wani, sai ta sa a share ɗaki, ta kai tabarma da fitila da randar ruwa. Ranar isowa ita ce a bakin hanya. Kashegari da yamma ta ɗauki baƙon ta kai shi gaban maigari, ta kai shi wurin liman, ta bi da shi gidajen tsofaffin matan da gari ke jin maganarsu. Ta nuna masa mai nama na kirki, da matar da ke wanki, da tudun bayan makabarta inda ake samun rezo, wato inda waya ke kamawa, in ana son kiran gida. Takan ce, "Ka kira mahaifiyarka yau. Ka ce mata ka samu uwa a nan, ta kwantar da hankalinta."

A wurin aiki kuma tana da wata ɗabi'a da na sha jin ma'aikata suna ambata. Ba ta taɓa gyara wa sabo kuskure a gaban marar lafiya. In yarinya ta nemi jijiyar jariri ta rasa, Tanti ba za ta karɓe allurar ba. Sai ta juya ga uwar ta ce, "Riƙe shi da kyau, jijiyar yaran nan ɓuya take," ta matso ta danne hannun jaririn, ta ce da yarinyar a hankali, "Sake gwadawa, ga ta nan." In an tashi aiki, can a inuwa, sannan a yi maganar.

Na taɓa tambayarta abin da ya sa take wannan wahala. Ta yi dariya ta ce, "Mushe, ranar da aka kawo ni garin nan ba wanda ya san da zuwana. Majo ya tafi taro Magarya da makulli a aljihunsa. Na zauna a kan akwatina a ƙofar nan tun azahar, yara suna leƙe na. Da yamma wata tsohuwa mai komawa daga gona ta ce in biyo ta. A ɗakinta na kwana, da awakinta. Watanni na yi ina kuka ba wanda ya ce mini me ya faru. Ban manta ba."

Ke ce, Tanti, da kika ɗanɗani wannan ɗaci, ba ki ce ai kowa haka ya fara ba. Mutane da yawa in sun sha wuya sai su so na bayansu ya sha irinta. Ke kuwa kika tsaya a ƙofa don kada wani ya zauna a kan akwatinsa.

Cikin duk waɗanda ta zaunar, labarin Fadi ne mutanen gari suka fi tunawa.

Fadi Bazabarma ce daga wajen Doso, ungozoma sabuwa fil, siririya, mai yawan shiru. Da ta zo, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Tanti ta koyi cewa "fofo" don ta gaishe ta da harshen gidansu, ta nemo zogale ta kwaɗa mata irin yadda suke ci a can, don tuwon gero ya ƙi zama mata. Da yamma su zauna a tabarma, Tanti na koya mata yadda matan nan ke faɗin ciwonsu: in mace ta ce bayanta ya tsinke ga abin da take nufi, in ta ce zahi ya taso mata ga abin da za a duba. Fadi na maimaitawa, su yi ta dariya.

Ba ta daɗe da zuwa ba damina ta kankama. Wata rana majo da Tanti suka hau moto, wato babur, suka tafi rigakafi rugagen da ke arewa da gari, aka bar Fadi da tsohon mai gadi, Hamman. Da hantsi aka kawo A'i, matar wani manomi, naƙuda ta kama ta. Ta haihu lafiya, namiji. Sai jini ya ɓalle. Fadi ta yi allura, ta sa ƙarin ruwa, ta yi ta murza cikin, jini bai tsaya ba. Ta aiki Hamman kan tudu ya kira ambilas daga Dungas. Direba ya taso, amma ruwan da aka kwana ana yi ya cika ƙorama, mota ta tsaya a wancan ƙetaren. Aka ɗora A'i a amalanke don a kai ta bakin ruwa, Fadi na riƙe da robar ƙarin ruwa a sama, mahaifiyar A'i, Dada, na riƙe da kanta. Sama ta sake sakin ruwa a kansu. Suna hango motar ke nan, sai A'i ta cika.

Kafin a yi jana'iza magana ta zagaye gari. An ce baƙuwar ba ta san aiki ba. An ce ko jin abin da A'i ke faɗa mata ba ta yi. Wasu suka ce hannunta ne ba shi da albarka. Na ji wannan da kunnena a bakin rijiya.

Da Tanti ta dawo ta tarar Fadi ta kulle kanta a ɗaki, ta haɗa kayanta cikin jaka. Ta zauna a bakin ƙofa har aka buɗe mata. Fadi ce ta ba ni labarin abin da ya gudana tsakaninsu, bayan shekaru. Ta ce Tanti ba ta fara da ba ta haƙuri ba. Cewa ta yi, "Zauna ki faɗa mini duk abin da kika yi, tun daga shigowarta." Fadi ta faɗa, rabi da faransanci rabi da kuka. Tanti ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Da ina nan, abin da kika yi shi zan yi. Wataƙila da mu biyu ne da hannu ya fi yawa. Wannan kuma ba laifinki ba ne, namu ne da muka tafi muka bar ki ke kaɗai."

Fadi ta ce, "Tanti, gida zan tafi. Ba za su ƙara yarda da ni ba."

"In kina son tafiya ba zan hana ki ba, ni zan kai ki Dungas da kaina. Amma ba yau ba. Gobe za mu je gaisuwa."

"Ni? Gidan? Za su kore ni."

"In sun kore ki tare za su kore mu. Nemo mayafi."

Washegari suka tafi. Matan da ke zaman makoki suka zuba musu ido. Wata daga baya ta ce, "Ga ta nan," yadda kowa zai ji. Tanti ba ta waiwaya ba. Ta kama hannun Fadi har gaban Dada, suka durƙusa. Ta ce, "Dada, ga ƴarki na kawo miki. Ita ce ta riƙe A'i har ƙarshe. Hausa ba ta ishe ta ba, amma ta ce da bakinta za ta gaishe ki."

Fadi ta buɗe baki ta ce, "Dada, Allah ya ji ƙanta. Na yi... na yi, ban iya ba." Sai kuka ya ƙwace mata.

Dada ta dube ta. Can ta ce, "Ina cikin amalanken nan, ba labari aka ba ni ba. Da ruwa ya sauko na ga kin cire zanenki na sama kin rufa mata, ke yana dukanki. Hannunki na sama da robar nan har muka kai, ba ki sauke ba. Wa'adinta ne ya yi." Ta juya ta ɗauko jaririn daga hannun wata, ta ɗora wa Fadi a cinya. "Ga marayanki. Kin ci wani abu tun jiya?"

Ba a ranar komai ya gyaru ba, kada in yi ƙarya. Watanni mata na zuwa awo suna cewa su Madam suke so. Tanti sai ta jawo kujera ta zauna a gefe ta ce, "Ga ni nan zaune, ita za ta duba ki." Wasu suka yi fushi suka koma gida, ta bi su har gidajensu. Jaririn kuwa ƙanwar A'i mai goyo ta shayar da shi, kuma Dada ba ta yarda kowa ya auna shi sai Fadi. Duk ranar awo ta goyo shi ta ratsa taron mata ta miƙa mata. A hankali sauran suka biyo.

Fadi ta yi shekaru a Rafin Kanya. Da aka mayar da ita Magarya mata sun raka ta har bakin gari. Yau in ka ji tana Hausa sai ka rantse a Damagaram aka yanke mata cibi, kuma na ji an ce duk sabuwar da aka turo wurinsu, a gidanta take fara cin abinci.

Da a nan labarin ya tsaya da na rubuta shi da farin ciki. Amma akwai abin da aikin nan ya karɓa daga hannun Tanti Raliya.

Mijinta, Malam Amadu, tela ne a Magarya. A can gidansu yake, a can ƴaƴansu suka yi karatu, a hannunsa da na ƙanwarsa. Ita sai ƙarshen mako, in hanya ta yi kyau. Mutum ne mai fara'a, yakan zo ya kwana biyu, mu sha shayi tare a ƙofar lakwal. Ba sau ɗaya ba aka ba ta damar komawa Magarya kusa da iyalinta, kuma duk lokacin sai ya zamana an turo wani sabo. Ta ce, "Malam, bari yarinyar nan ta zauna tukuna, baɗi sai in nema." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Raliya, baƙin nan naki ba sa ƙarewa." A gabana ya faɗa, yana dariya, amma na ga idonsa. Bai taɓa tilasta mata ba. Ya dai gina mata ɗaki a gidan, ya sa masa taga mai kallon gabas yadda take so, ya ci gaba da jira.

Wata damina aka turo wani saurayi mai suna Munir, ma'aikacin jinya, ɗan wajen Matamaye. Yaro ne mai ƙwazo, mai son yara. Ya zo daidai lokacin zazzaɓin sauro, lokacin da ɗakunan gidan likita ke cika har a shimfiɗa tabarmi a baranda. Tanti ta tarbe shi yadda ta saba, ta kai shi wurin maigari, ta fara zaunar da shi. Ba a yi mako ba aka kira ta: Malam Amadu ya faɗi a shago, an wuce da shi babban asibitin Damagaram. Ta tafi a ranar, ko mayafi ba ta canza ba.

Lakwal na hutu a lokacin, ni ma ba na gari. Abin da ya faru a bakin Hamman mai gadi na ji shi. Ya ce majo na fama da nasa layin, ba ya ko ɗaga kai. Munir kuma aka bar masa ɗakin yara. Ana kawo su jiki ya yi zafi, ido ya yi fari, wasu suna suma, da yawa an makara da kawo su. Wanda ke buƙatar jini sai an kai shi nesa, iyaye kuma wani lokaci ba su da halin tafiya. Yara suka yi ta rasuwa a hannunsa a jere. Hamman ya ce in an tashi aiki sai ya gan shi zaune a bayan katanga, abinci a gabansa ƙudaje na bi. Yakan ce masa, "Likita, ci mana." Ya ce, "To, Baba," amma ba ya ci. Ba wanda ya zauna da shi ya ce ya faɗi abin da ya yi tun daga farko. Ba wanda ya kai shi gaisuwa gidan kowa. Wata safiya ya rataye farar rigarsa a ƙusa, ya miƙa wa Hamman makulli, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ya hau kabu-kabu.

Malam Amadu bai tashi ba. Ya rasu a Damagaram, Tanti na gefensa. Ta yi takabarta a Magarya, a cikin ɗakin da ya gina mata.

Da ta fita takaba ta dawo aiki, abu na farko da ta tambaya shi ne Munir. Ta yi ta cigiya har ta ji yana kasuwar Dantchiao, a rumfar kawunsa, yana sayar da kayan gyaran moto. Ranar kasuwa ta ce in raka ta, muka tafi. Muka same shi tsugune yana ware kusoshi cikin kwano. Da ya ɗaga kai ya gan ta, ya miƙe da sauri har kwanon ya kife.

Ya ce, "Tanti. Na ji rasuwar Malam. Kunya ce ta hana ni zuwa. Allah ya gafarta masa."

Ta ce, "Amin. Ni ce zan ji kunyarka, Munir. Na karɓe ka, na tafi na bar ka."

"Haba Tanti, mijinki ne fa."

"Na sani. Ba cewa na yi da ban tafi ba. Amma da na kira ka ko sau ɗaya. Wayata na hannuna a asibitin nan, ban kira ba."

Ya ba ta benci ta zauna. Ta ce ya faɗa mata yadda aka yi, ya fara, ya kai kan wata yarinya da ya ambaci sunanta, sai ya tsaya, ya kasa ci gaba. Ta ce ya dawo, za ta je da kanta ta yi magana da manya a Dungas, za ta zauna kusa da shi har ya saba, ba sai ya shiga ɗakin yara ba da farko. Sannan ya miƙo mata hannayensa ya ce, "Tanti, dubi. Ko a kasuwar nan in na ji yaro na kuka rawa suke yi. Da wane hannu zan riƙe allura? Da a lokacin ne kika zo, wataƙila. Yanzu abin ya fita daga raina."

Ba ta matsa masa ba. Ta sa masa albarka, ya raka mu har tasha, ya sayo mata ruwa. Muka kamo hanya har muka kusa gari. Ta ce, "Mushe, yaron nan likita ne na gaske. Wanda mutuwar yara ba ta dame shi ba, shi ne bai kamata ya zauna ba. Irin Munir ake nema, kuma mun rasa shi." Ta share ido da bakin mayafi. "Na yi ta ce wa Malam baɗi, baɗi, saboda baƙi. Ranar da baƙo ya fi buƙatata kuma ina wurin Malam. Ban ishi ko ɗaya ba."

Na ce mata ba haka ba ne, amma ban samu kalmar da ta dace ba. Yau da nake rubutu ina son in faɗa miki abin da ban iya faɗa ba a kan hanyar nan. Tanti, ke mutum ɗaya ce. Aikin da kika ɗauka na gidan likita ne gaba ɗaya, na gari ne, na hukumar da ke turo yaran nan ne. An bar miki shi ke kaɗai don kina yinsa ba ƙorafi, har kowa ya ɗauka haka abin yake tafiya da kansa. Da kika juya baya na ɗan lokaci, don wani hakki da ya fi kowane hakki, sai aka ga ashe ba kowa a wurin. Rashin Munir ba gazawarki ba ce.

Bayan wannan ta ƙara wasu shekaru tana aiki, ta zaunar da wasu sababbin, har gwiwa ta fara hana ta tsayuwar karɓar haihuwa. Ranar sallamarta aka shimfiɗa tabarmi a farfajiya. Majo ya yi jawabi, maigari ya yi, aka ba ta turmin zane. Yawancin waɗanda ta raina a aikin ba su samu zuwa ba, suna warwatse daga Difa har Tilaberi, kowa da marasa lafiyarsa. Saƙon murya suka yi ta aikowa, aka kunna a waya ana ji. Wani ya ce, "Tanti, da ba don ke ba da yanzu ina tuƙa mota a Agadas." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Fadi ce ta zo da ƙafarta. Da aka ce ta yi magana ta miƙe, ta ce, "Ni dai jakata a ɗaure take ranar nan," sai ta kasa ƙarasawa, ta zauna. Matan gari suka cika wurin har bayan katanga, Fulani suka zo daga rugage da man shanu. Dada, wadda yanzu sai da sanda, ta sa aka kawo ta a amalanke.

Yanzu Tanti Raliya na Magarya tare da ƴarta Amira da jikoki. Ta koma gidan da aka daɗe ana jiranta, bayan mai jiran ya tafi. Na je na gaishe ta kwanan baya, na tarar tana zaune a tsakar gida an ɗora mata ƙafa a kan matashi. Na ce mata zan rubuta labarinta mutane su karanta. Ta ce, "Kai Mushe, me za ka rubuta? Ai duk aikin gwamnati ne." Na ce zan dai rubuta. Sai ta ce, "To in ka rubuta kada ka sa na daɗi kawai. Ka sa na Munir. Na ji ya bar Dantchiao, ban san inda yake ba yanzu. In Allah ya sa ya gani, ko wani da ya san shi ya gani, a ce masa ban daina yi masa addu'a ba. Ba sai ya koma aikin ba. Ya zo dai ya ƙarasa mini labarin yarinyar nan da ya fara, kada ya yi ta ɗaukarsa shi kaɗai."

Na sa, Tanti, kamar yadda kika ce.

Mun gode, Raliya ta Malam Amadu, uwar baƙi. Mun gode a madadin matan Rafin Kanya da suka samu ungozoma a lokacin da wasu garuruwa ke da gini ba ma'aikaci. Mun gode a madadin iyayen da ke Doso da Yamai da Tawa, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarki ba amma suka yi barci saboda ke. Mun makara da godiyar, sai da ƙafa ta gaza, sai da Malam ba ya nan balle ya ji abin da haƙurinsa ya saya wa mutane. Allah ya ji ƙansa, ya ba shi rabonsa cikin ladan, ke kuma ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi.

Ku kuma da ke cikin farar riga a yau, daga Kwaya har Dogo-Dogo, ku majo da ku tsofaffin ma'aikata, da mu mutanen gari da ake turo mana yaran nan: nan da ƴan watanni za a sake turo wasu. Kada a jira a samu wata Tanti Raliya da za ta ɗauki abin ita kaɗai har ya cinye mata gida. A raba shi. Wani ya tarba, wani ya ciyar, wani ya tsaya kusa ranar allurar farko. Ranar da rai ya fita a hannun yaro ko yarinya a karon farko kuwa, duk abin da kake yi ajiye shi, ka je ka zauna kusa da shi, ka ce, "Faɗa mini yadda aka yi." Kada ka tashi sai ya kai ƙarshe.